Hankaka Mai Rabon Fili a Gefen Titi

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunne!

Ta zo mu ji ta, Gwaggo!

An yi wani daji da manoma suka cinye da garma, ko ciyawar sa ƙwai ba su bar wa tsuntsaye ba. Abin da ya rage sai ɗan siririn gamba a gefen titin mota. Nan tsuntsaye suka yi gudun hijira. Da isarsu suka tarar Hankaka ya riga su, ya hau wani kalgo da farin ƙirjinsa kamar ya sa babbar riga, wai shi ne mai rabon fili. Wa ya naɗa shi? Oho!

Kurciya ta zo. "Ranka ya daɗe, a taimaka mini da fili."

"Fili akwai, mai kallon titi, inda hatsi ke zubowa daga motoci. Amma a ga ƙwai."

Ta ba shi, ya shanye.

Zabuwa ta zo. "Ranka ya daɗe, fili."

"Fili akwai. Amma a ga ƙwai."

Ta ba shi, ya shanye.

Fakara ta zo. Ita ƙwai biyu kacal suka rage mata, garma ta fasa sauran. Ta ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan 'ya'yana ne, ba na bayarwa."

Hankaka ya ce, "Ji matsiyaciya! Tafi can baya cikin ƙaya, inda ko mota ba a gani."

Ta tafi tana kuka, ta kwanta a kan ƙwanta. Wallahi ni ma ta ba ni tausayi.

Ana nan, sai aka ce wani babban baƙo zai wuce. Kun san halinmu: titin da ya shekara goma ba a kula shi ba, ranar ake tuna shi. Sai ga ma'aikata da adduna da bokitin farar ƙasa.

Hankaka ya gyara murya. "Ku kwantar da hankalinku, gaisuwa suka zo mini."

Suka sare gamba. Ya ce, "Shara suke mini."

Suka shafe duwatsu da fari. Ya ce, "Ado suke mini."

Suka ɗora adda a gindin kalgo. Ya ce, "Kai! Kun san ko ni wane ne?"

Wani ya ce, "Tanko, kori wannan ƙazamin." Tanko ya ɗauki hoge ya narka masa a baya.

Kurciya da Zabuwa suka tashi babu fili, babu ƙwai. Ƙayar can baya kuwa ba wanda ya taɓa, don ba a hango ta daga titi. A ranar Fakara ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta biyu lafiya lau.

Babban baƙo fa? Ya wuce da azahar, gilashi a rufe, yana ta sharar barci.

To yara, wanda ya ce ku ba shi naku ya ba ku abin da ba nasa ba, ku riƙe naku, ko da cikin ƙaya za ku zauna.

Ƙurunƙus kan Hankaka!