Jaki da 'Ya'yan Zaƙami

Gatanan gatananku.

Ta zo mu ji ta, ko mai ɗaci ce.

Jaki ne ke yi wa dabbobin dawa dako. Da bayansa ya soma ciwo, sai ya koyi cin 'ya'yan zaƙami, don in ya bugu ba ya jin nauyi. Tun yana cin ɗaya har ya kai goma. Ya rame, yana tafe yana surutu shi kaɗai.

Aka kira taro gaban alƙali Ƙadangare.

Kura ta ce, "Allah gafarta malam, a haramta zaƙami. Wanda ya ci, a ba ni shi in tsare a ramina." Wanda ya shiga ramin nan kuwa ba ya fitowa. Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Biri ya ce, "Hani ba ya hana kowa. A bari a sayar a fili." Ashe gonar zaƙami gare shi bayan dutse. Ƙadangare ya gyaɗa kai.

Jaki ya ce, "Ni dai da za ku rage mini kaya, da na gwada dainawa."

Aka ɗage zama sai wata kasuwa, kowa ya naɗe tabarmarsa ya ɗora wa Jaki.

Jaki bai kai gida ba ya faɗi ya mutu. Kura ta ja gawar, Biri ya kai wa ƙanin Jaki, wanda ya gaji dakon, ɗanɗanon zaƙami. Ƙadangare kuwa har yau gyaɗa kai yake yi.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya.