Kwalbar da Ba Komai a Cikinta

Akwai wata mata a Addis Ababa, Dakta Tiruwork Gebeyehu, da ta shekara goma sha tara tana zarya zuwa tafkunan gishiri na Danakil. Aikinta neman ƙwayoyin halitta a wuraren da suka yi kama da duniyar Mars. Ni nake buga wa cibiyar bincikensu takardun taro, kuma ban taɓa ganin wanda aiki ya cinye kamar ta ba.

Tana da wata ɗabi'a. Duk inda aka je ɗebo ruwan gwaji, sai ta buɗe kwalba ɗaya wadda ba komai a ciki, ta rufe, a gwada ta tare da sauran. In aka ga ƙwaya a wannan kwalbar, to daga jikin masu ɗebowa ta fito, ba daga tafki ba.

Wata shekara masana daga ƙasashe goma sha huɗu suka taru a Addis Ababa, don su zaɓi bincike goma da za a sa gaba wajen neman rai a wasu duniyoyi. An liƙa shawarwari a bango, an ba kowa jajayen tambura uku ya manna wa waɗanda yake so. Wanda nasa bai shiga goman ba, ɗakin gwajinsa rufewa zai yi.

Kwana huɗu ana musu, muryoyi duk sun dishe. Shawarar Tiruwork, cewa kowace tawaga ta riƙa tafiya da irin kwalbarta, tambari biyu kacal ta samu, ɗaya ma nata ne.

A saman jerin kuwa Farfesa Wondwosen ne, wanda ya ce ya gano ƙwaya mai rai a wani tafki mai tafasa. Ya dube ta a gaban kowa, ya kira ta Etiye, wato Yaya a harshensu, ya ce, "Etiye Tiruwork, mutane na neman rai a sama, ke kina tara iska a kwalba. Mu samo miki buhu mana, ya fi ɗauka."

Aka yi dariya.

Ashe ta raka tawagarsa tafkin nan, ta buɗe kwalbarta kamar kullum. Sakamakon ya iso mata da safiyar ranar ƙarshe: ƙwayar Farfesa tana cikin kwalbar, irin wadda ke zaune a fatar mutum. Gaskiya ni na so ta ɗaga hannu ta tona shi a zauren.

Sai ta jira aka fita shan buna, wato kofi, ta same shi shi kaɗai yana taunar soyayyar sha'ir.

"Gash Wondwosen, karanta wannan kafin a koma," in ji ta, da kiran girmamawar da suke yi wa babba, tana miƙa masa takardar sakamakon.

Ya karanta sau biyu, taunar ta tsaya. "Wa kika nuna wa?"

"Kai."

"Don me? Jiya fa na mai da ke abin dariya."

"Na gaji ne, ba ni da ƙarfin kunyata kowa," in ji ta. "Gara ka ji daga bakina yau da duniya ta gaya maka baɗi."

Da aka koma, ya miƙe ya faɗa wa taro da bakinsa cewa ƙwayar tasa daga hannun mutanensa ta fito. Ya je bango ya ɓare tamburansa uku, ya manna wa shawararta. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka tashi suna manna mata nasu. Tata ta ƙare ta uku, tasa aka soke.

Tiruwork ko murmushi ba ta yi ba. Ta cire tabarau, ta murza ido, ta tambaya ko akwai sauran buna.

Farfesa da kansa ya zuba ya kawo mata, da hannu biyu.

Darasi: Kada ka raina aikin da bai da armashi, wata rana shi zai tsare maka mutunci. In kuma kuskuren wanda ya wulaƙanta ka ya faɗo hannunka, ka kai masa a keɓe. Ku tura wa wanda ya gaji da haƙuri a wurin aikinsa, ko ya ƙara daurewa.