Ƙishin Gimbiya Tasalla

A Birnin Tagwayen Duwatsu an yi wani sarki, Mazadu ɗan Barmo jikan Gwabro, toron giwa, gagara-gasa, wanda sa'ad da sauran sarakuna ke tara dawaki da bayi, shi ƙaya yake tarawa. Murtsunguwa ce abar sonsa, dogaye da gajeru, masu faɗin tafin hannu da masu kama da curin fura, kowacce a tukunyarta, kuma ba ya kiran sunan ko ɗaya sai ya ga furenta, domin a jiki sukan yi kama har su ruɗa gwani. 'Yarsa tilo, Tasalla, ta girma tana ganin ƙeyarsa fiye da fuskarsa.

Son zuciya ɓacin zuciya. Wata rana ya tumɓuke wata murtsunguwa a gindin dutsen aljanu, ba izini ba sallama. Ya komo ya tarar ɗakin Tasalla wayam, tukwanen lambu kuwa an cakuɗa su kaf.

Ya ɗaure sirdi, ya ratsa birnin da mutanensa ba su da inuwa, ya haye kogin yashi mai gudu, ya sha wuya iya wuya, har ya durƙusa a fadar Zarmaƙilu sarkin aljanu.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na yi laifi, ga murtsunguwarka na dawo da ita, ga wuyana ga wuƙa. A mayar mini da 'yata."

Zarmaƙilu ya ce, "Sarkin ƙaya, wanda ya ɗauki na wani ba tambaya, a ɗauki nasa ba sallama. 'Yarka na cikin tukwanenka, ta zama murtsunguwa. Sau ɗaya za ka nuna ta, in ka dace ta koma mutum. In ka kuskure, haka za ta tabbata."

Mazadu ya dawo, tsoro ya cika shi. Ya shiga kwarara wa murtsunguwar duka ruwa safe da yamma, don wane uba ne zai bar 'yarsa da ƙishi? Alhali ya fi kowa sanin murtsunguwar da ta ƙoshi da ruwa ba ta fure, ruɓewa take yi. Da ya ga gindin wasu ya soma baƙi, sai ya sa aka kife tuluna. Rani ya yi rani, yana zaune tsakiyarsu, sarki guda ba dabara, suna motsewa suna yamushewa a idonsa, bai san wacce ce tasa ba. In kuka ya zo masa sai ya kau da kai, kada hawaye ya ɗiga a tukunya.

Da ruwan fari ya sauka, furanni suka buɗe. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan ja ta ƙasar gishiri ce, wannan fara mai dogon wuya ta bakin teku ce, wannan rawaya shi ya raine ta tun tana tsiro. Kowacce ya san asalinta, sai wata ƙarama a lungu mai fure launin lalle.

Ya daɗe yana dubanta, kunya ta kama shi. Ya ce, "Duk lambun nan wannan kaɗai ban sani ba. Ita ce."

Ƙayoyi suka zube, sai ga Tasalla zaune, leɓɓanta a tsattsage. Ya ɗebo ruwa da hannunsa na sarauta ya kai bakinta, yana godiya ga Allah. Ta sha, ta ɗago ta ce, "Baba, yau dai ka dube ni."