Faratan Karen Gwadabe

Akwai wani mafarauci mai suna Gwadabe a wani ƙauye na ƙasar Bebeji, dab da Tiga. Abin ya faru ne a tsakiyar shekarun 1970, bayan an gama dam, ruwa ya kwanta a kan garuruwan mutane. Ku daure ku karanta har ƙarshe, don ni dai duk sanda na tuna labarin nan sai raina ya ɓaci.

Gwadabe yana da kare baƙi wuluk, sunansa Duna. Ba irin karnukan yawon bola ba ne, karen farauta ne na gaske. In ya bi zomo, kai dai je ka ɗauko kawai. Abokai har tsokanar Gwadabe suke yi, wai in Duna ya yi atishawa, shi ne zai kwana da mura.

A shekarar ne wani dattijo, Baba Mainasara, ya iso ƙauyen. Ruwan dam ya cinye garinsu da gonarsa, har da maƙabartar da matarsa da iyayensa ke kwance. Ya zo da tabarma da 'yar tukunya, ba ɗa ba jika. Gwadabe ne da kansa ya ba shi fili a bayan gidansa, a gindin wata tsamiya, ya kuma taya shi ɗora jinka.

Ranar da aka gama ɗakin, tsohon ya riƙe hannunsa ya ce, "Gwadabe, ni yanzu abu ɗaya nake roƙon Allah. Ya bar ni a nan, in mutu a nan, ku binne ni a nan. Tashi ɗaya ya ishe ni."

"Baba, ka zo gida ke nan," in ji Gwadabe.

Da tsufansa Baba Mainasara ya koyi kamun kifi. Yakan sauka bakin ruwa da sassafe, ya dawo da kifi, ya yi banda a gindin tsamiyar. Ƙamshi ya ja Duna. Kullum da hantsi yana can a kwance, tsohon yana jefa masa kawunan kifi da kayan ciki.

Ana nan, sai Duna ya fara ɗingishi.

Gwadabe ya duba, ya ga farce guda ya fita daga ƙafar gaba, wurin yana tsattsafo da jini. Ya ce ƙaya ce ko dutse, zai warke. Bai warke ba. Aka jima, wani farcen ya tsage a ƙafar baya, ya yi lilo, ya faɗi. Karen ya koma lasar ƙafa ba dare ba rana, in an taɓa shi sai ya yi kuka. Ga kaka ta wuce, lokacin farauta ya matso.

To, Gwadabe yana da wani abokin farauta, Ubale. Ubale dai, Allah ya shirye shi. Bai taɓa zargin kowa da bakinsa ba, tambaya kawai yake yi, sannan ya kakkaɓe riga ya tashi.

Suna zaune a dandali, ya ce, "Gwadabe, wai yaushe ciwon nan ya fara?"

"Bayan damina."

"Kafin karen ya fara zuwa gindin tsamiya, ko bayan ya fara?"

Ubale ya ci gaba.

"Mutumin da bai taɓa riƙe koma ba sai da furfura, amma kullum kwandonsa cike da kifi. Ikon Allah! Sannan faratan nan da ke faɗuwa, ka taɓa tsintar ko ɗaya a ƙasa?"

Gaskiya ne, Gwadabe bai taɓa gani ba. Ya share inda karen ke kwana, ya duba zaure, babu ko ɗaya.

"To ina suke zuwa?" in ji Ubale. "Ni fa ban ce komai ba."

Washegari da hantsi Gwadabe ya raɓe a bayan zana yana leƙe. Ya ga Duna ya ɗingisa ya kwanta kusa da wutar banda. Ya ga Baba Mainasara ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙafafun karen. Sai tsohon ya tsinko ganye, ya ɗauki wani abu a ƙasa, ya ƙunshe. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya tona rami a gindin tsamiya, bakinsa yana motsi, ya binne ƙunshin ya tattake wurin.

Jama'a, ku faɗi gaskiya, in ku ne kuka ga haka, me za ku ce?

Gwadabe bai yi masa sallama ba, bai tambaye shi ba. Kai tsaye ya wuce gidan Mai unguwa Shu'aibu. Kafin azahar rabin gari ya taru a gindin tsamiya. Aka sa fartanya aka tona. Ga ƙunshin ganye, sabo da tsofaffi, kowanne da farcen kare a ciki. Wata mata ta yi salati ta ja da baya.

Mai unguwa ya ce, "Malam Mainasara, mene ne wannan?"

Tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, faratan Duna ne. A nan yake wuni yana lasar ƙafa, a nan suke faɗuwa. A garinmu ba ma barin farce ko gashi a ƙasa, binnewa muke yi da bisimilla, don kada mugu ya ɗauka ya cuci mai shi. Na ga karen Gwadabe ne, Gwadabe kuwa shi ya ba ni wurin zama. Shi ya sa nake ɓoyewa."

Ubale ya yi dariya. "Farcen mutum muka san ana binnewa. Yau kuma har da na kare? To waige-waigen na mene ne?"

"Kunya nake ji a ga dattijo yana tsintar farcen kare."

"Garin nasu ma yana ƙarƙashin ruwa," wani ya faɗa daga baya. "Wa za mu tambaya ko haka al'adarsu take?"

Baba Mainasara bai kula su ba. Ya juya ya dubi mutum ɗaya. "Gwadabe, kai ma ka yarda da wannan magana?"

Gwadabe ya kau da kai. "Baba, idona ne ya gani."

Mai unguwa ya ce shi bai ga hujjar korar mutum ba, kowa ya watse. Amma ai ba sai an ce wa mutum tashi ba. Daga ranar ba wanda ya ƙara sayen kifinsa. In ya yi sallama, sai a amsa a ciki-ciki. A masallaci, wanda ke kusa da shi a sahu sai ya matsa ya bar fili. Mata suka hana yara bi ta gindin tsamiya. Gwadabe ya ɗaure Duna da igiya a ƙofar gida.

Wata safiya tsohon ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki tukunyarsa. Ya tsaya a ƙofar gidan Gwadabe ya yi sallama, ya sake yi. Gwadabe yana ciki, yana ji, ya ƙi fitowa. Duna ne kaɗai ya yi ta fizgar igiya yana kuka. Tsohon ya kama hanyar kudu.

Ubale ya ce, "Shi ke nan, yanzu ka zuba ido ka ga yadda karenka zai miƙe."

Ina! Abin sai ya ƙara gaba. Faratan da suka rage suka bi sahu, ƙafa huɗu duka. Waɗanda suka sake tsirowa suka fito a karkace, masu gautsi, da an taɓa sai su fashe. Gwadabe ya yi turare, ya jiƙa saiwa ya wanke ƙafafun, ya haƙo ƙasar gindin tsamiya ya watsar a rafi. Duna ya rame, ko tsayuwa ba ya son yi. Aka fita farauta a shekarar ba da su ba.

Gwadabe ya koma wurin Ubale. "Ga shi mutumin ya tafi, ciwo bai tafi ba."

Ubale ya shafa gemu. "To wa ke ba karen abinci yanzu?"

"Asabe, matata."

"Asabe. Ba ita ce ke yawan cewa ka fi kula da kare a kan gida ba? Ni fa ban ce komai ba."

Kun ji mugun iri! Kuma abin haushi, maganar ta shiga. Da yamma Asabe ta fito da ƙanzo a kasko za ta zuba wa Duna, sai ta ga mijinta ya ƙura wa hannunta ido, yana bin duk motsinta.

"Malam, me kake nema a hannuna?"

"Ba komai."

Ta ajiye kaskon. "Ba komai? Irin kallon nan ka yi wa Baba Mainasara kafin ka tara masa gari. Yau ni ce. In na tafi ciwon bai tafi ba, sai wa? Sai Inna, mahaifiyarka?"

Kunya ta rufe Gwadabe, ya kasa ɗaga kai.

Ranar kasuwar Tudun Wada ya ji labarin malamin dabbobi zai zo yi wa shanu allura. Ya saka Duna a kwando, ya ɗaure a bayan keke, ya tafi. Ya jira har Fulani suka gama, sannan ya matso yana jin nauyi.

Malamin ya duba ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya buɗa tsakanin yatsu, ya duba baki da fata. Ya ce, "Ba ƙaya ba ce, ba ƙwari ba ne, ban kuma ga alamar guba ba."

Gwadabe ya rage murya. "Malam, ko hannu aka sa masa?"

"Na taɓa ganin irin wannan sak a jikin karen wani injiniya, lokacin aikin dam. Karen injiniyan ko ƙofar gida ba ya fita, ba wanda ke taɓa shi sai mai shi. Haka faratansa suka zube. Ban san sunan ciwon ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma daga cikin jikinsa yake tasowa, ba wanda ya yi masa. Ka riƙa wanke ƙafafun, ka ba shi abinci mai kyau. Akwai lokacin da ka ga ya fi samun sauƙi?"

Gwadabe ya yi tunani. Sannan ya ce, "Lokacin da yake cin kifi."

Bari in tsaya in faɗa muku wani abu. Yau likitocin dabbobi sun san wannan ciwo. Garkuwar jikin kare, wadda aikinta shi ne yaƙar cuta, ita ce ke ruɗewa ta far wa tushen faratansa, tana ɗaukarsu baƙi. Cikin abin da ake ba irin waɗannan karnuka don su samu sauƙi har da man kifi. Wato tsohon da suka kora, ba tare da ya sani ba, shi ne ke rage wa Duna wahala.

Gwadabe bai zauna ba. Ya yi ta tambaya a kasuwanni har aka ce an ga wani tsoho baƙo a wajen Doguwa. Ya hau babbar mota, ya sauka, ya taka da ƙafa ta hanyar daji. Ya same shi a bakin wata ruga, a gindin dutse, yana saƙar zana. Ya rame ƙwarai. Babu ruwan kamun kifi a wurin, babu banda.

Gwadabe ya yi sallama ya durƙusa.

Tsohon ya ɗago, ya gane shi, ya amsa. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Gwadabe, yaya ƙafar Duna?"

Nan Gwadabe ya fashe da kuka, ƙato da shi. Ya faɗi abin da malamin dabbobi ya ce. "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini. Ɗakinka yana nan, ban bari an taɓa ba. Zan tsaya a gaban masallaci in wanke ka da bakina. Ka tashi mu koma gida."

"Na yafe maka tun kafin in naɗe tabarmata," in ji tsohon. "Ka je ka wanke ni, zan so hakan. Amma komawa, a'a."

"Don Allah, Baba."

"Ruwan da ya tashe ni bai san ni ba, Gwadabe, shi ya sa ban riƙe shi a rai ba. Ku kuwa kun san ni. Ba zan iya sake tsayawa a sahun nan ba ina jiran in ga wa zai matsa."

Gwadabe ya dawo shi kaɗai. Ranar Juma'a ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi gaskiya duka, har da tambayoyin da aka yi ta yi masa. Ubale ya buɗe baki zai ce shi fa bai ce komai ba, Mai unguwa ya daka masa tsawa ya yi shiru.

Damina ba ta zagayo ba labari ya zo cewa Baba Mainasara ya rasu. A can Doguwa aka binne shi, cikin mutanen da ba su san sunan garinsu ba.

Duna ya samu sauƙi, amma bai ƙara farauta ba. Da aka kwance masa igiya, kullum da hantsi sai ya ɗingisa ya je gindin tsamiya ya kwanta. Gwadabe yakan sayo kawunan kifi ya kai masa can. In farce ya faɗi, sai ya tsinko ganye ya ƙunshe, ya yi bisimilla, ya binne a ramin da suka tona.

Darasi: Abin da idonka ya gani ba shi ne dukan labari ba. Kafin ka tara wa mutum jama'a, je ka zauna da shi ka tambaye shi, kuma ka saurari amsar. Ka yi nesa da mai zuga ka da tambayoyi yana cewa bai ce komai ba. Zargi irin ciwon Duna ne, daga ciki yake tasowa, kuma naka yake fara ci, ya bar ka da nadamar da neman gafara ba ta gyarawa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda ke shirin zargin maƙwabcinsa a yau.