Bidiyon da Haladu Baduku Ya Ƙi Yi

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don kada wani ya tashi daga nan ya ce da danginsa nake. Ba zamanin kakanni ba ne. Lokacin da babbar waya ta fara shiga aljihun talaka ne, lokacin da kowa ya fara jin wai akwai kuɗi zube a intanet, tsinta kawai ake yi. Sunansa Haladu. Baduku ne ɗan baduku, yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa inda yake ɗinka takalman fata da jakunkuna.

Ku saurara da kyau. Mutumin nan ba malami ba ne, karatunsa bai wuce na sallah ba. Ba shi da gona, ba shi da abin hawa. Abu guda Allah ya ba shi: in Haladu ya ce maka fatar nan ta akuya ce, to ta akuya ce. In ya ce bai gani ba, to bai gani ba. Har ta kai in gardama ta yi zafi a unguwa sai ka ji wani ya ce, "To, a tambayi Haladu." Shi ke nan, magana ta mutu.

Sai kasuwa ta juya masa baya. Takalman roba suka cika gari, ga arha ga sheƙi. Haladu ya wuni a rumfa yana korar ƙuda, ba wanda ya taya. Ga iyali a gida. Ga mahaifiyarsa, Inna, tsohuwa ce da yanar ido ta rufe wa idanu duka biyu, sai da laluben bango take zuwa bayan gida. Likita ya ce in an yi mata aiki za ta gani, amma aikin na kuɗi ne, kuɗin da Haladu bai taɓa riƙewa a hannunsa ba.

Ana nan ana nan, sai ga wani saurayi ɗan garin, Mudassir, ya dawo daga birni da mota mai baƙin gilashi. Yanzu ba a ce masa Mudassir, sai Oga Muda. Ya kama shago, ya kafa allo a ƙofa: ana koyar da kasuwancin onlayin, ka kwanta a ɗakinka kuɗi su same ka.

Haladu ba kwanciya yake so ba. Shi tunaninsa, in mutanen garinsu sun ƙi takalmin fata, ai duniya da faɗi, wataƙila akwai mai so a wani wuri, in har zai iya nuna masa. Sai ya ɗauki keken ɗinkin fata da ya gada wurin mahaifinsa, ya sayar. Ya sayi waya, ya biya kuɗin rijista, ya je ya zauna a benci cikin samari sa'o'in 'ya'yansa, da furfurarsa.

Aka fara karatu. Yau a nuna musu hoton gidaje, gobe a nuna musu hoton motoci, jibi a koya musu yadda za su shigar da wani cikin tsarin. Da abin ya ishe shi, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Oga, a gafarce ni. Yaushe za a zo wajen sayar da kaya?"

Aji ya fashe da dariya. Oga Muda ya ce, "Baba Haladu, wane kaya kuma? Rijistar ita ce kayan. Ka kawo mutum ya biya, a ba ka kasonka. Shi ma ya kawo wani, a ba shi nasa."

Haladu ya ce, "To na ƙarshe fa, wanda bai samu wanda zai kawo ba?"

Ya ce, "Baba, mutane ba sa ƙarewa."

Kun ji? Mutane ba sa ƙarewa. Haka ya ce.

Bayan 'yan kwanaki sai ga motar Oga Muda ta tsaya a bakin rumfar Haladu. Ya fito, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, kamar ɗan kirki. Ya ce, "Baba, na ji labarin idon Inna, wallahi abin ya taɓa ni. Ni zan biya kuɗin aikin."

Haladu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya buɗe baki zai yi godiya, sai yaron ya ce, "Abu ɗaya kawai nake so. Akwai sabon babur a shagona. Ka tsaya a jikinsa, ka riƙe makulli, a ɗauke ka bidiyo. Ka ce, ni Haladu baduku, a kasuwancin Oga Muda na samu wannan."

Haladu ya ce, "Babur ɗin nawa ne?"

"Na hoto ne, Baba. An gama a mayar."

"To me ya sa sai ni?"

Oga Muda ya yi murmushi ya ce, "Mutanen garin nan, ni ko na rantse ba za su yarda ba. Kai kuwa ko tari ka yi sai su ce gaskiya ne."

Jama'a, kada ku ɗauka abin ya zo wa Haladu da sauƙi. Ya dubi hannuwansa da basilla ta huda ta sake hudawa, ya tuna Inna tana laluben bango. Can ya ce, "Ɗana, in na faɗa, mutane za su sayar da abin hannunsu su kawo maka, saboda ni. Ba zan iya ba."

"Ko don idon Inna?"

"Ba zan iya ba. In da hali, a mayar mini da abin da na biya, tunda ban koyi komai ba."

Oga Muda ya miƙe, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya ce, "Ba a mayarwa." Ya shiga mota.

Kafin Haladu ya isa gida, ƙaninsa Sallau, wanda shi ma yana cikin ajin, ya riga ya kai wa Inna labari. Haladu ya yi sallama ya zauna a bakin tabarmarta. Ta ce, "Haladu, an ce maganar da ba ta kai tsawon alwala ba aka ce ka yi, ka ƙi."

Ya ce, "Inna, ƙarya ce aka ce in yi."

Ta ce, "Ƙaryar da za ta buɗe idon uwarka? Na yi naƙudarka, na goya ka, yau bakinka ya fi ƙarfin idona?" Ta juya fuskarta bango. Daga ranar, in ya kawo mata kunu ba ta karɓa daga hannunsa, sai an ba wani ya miƙa mata.

Kada ku yi saurin zargin tsohuwa. Wanda bai taɓa zama cikin duhu da rana tsaka ba, ya ja bakinsa. Amma ku auna abin da ke kan bawan Allah nan: keke ya tafi, kuɗi sun tafi, uwa ta juya baya. Duk don kalma guda da ya ƙi faɗa.

To, abin da babba ya ƙi, ƙarami ya ɗauka. Sallau ya sa sabuwar shadda, ya tsaya jikin babur, ya kaɗa makulli. Kuma bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara da cewa, "Ni ƙanin Haladu baduku ne, kun san gidanmu ba a ƙarya." Bidiyo ya bi wayoyi kamar wutar daji. Wannan ya tura wa wancan, wancan ya tura wa surukinsa. Layi ya kama a ƙofar shagon Oga Muda.

Haladu bai yi shiru ba. Ya tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar ya ce, "Jama'a, babur ɗin nan ba na Sallau ba ne. Na shiga ajin nan, babu abin da ake sayarwa. Ku riƙe kuɗinku." Kun san me suka ce? Suka ce hassada ce. Suka ce ƙaninsa ya samu, baƙin ciki zai kashe shi. Mutanen da jiya suke cewa a tambayi Haladu, yau Haladu ya amsa tun ba a tambaye shi ba, suka toshe kunne, don amsar ba ta yi musu daɗi ba.

Akwai wata bazawara, Dije, mai injin markaɗe, da shi take ciyar da marayunta. Haladu ya ji za ta sayar, ya tafi har ƙofar gidanta ya ce, "Dije, don Allah kada ki rabu da injin nan." Ta ce, "Malam Haladu, ka zauna da talaucinka, kada ka shafa mana." Ta sayar.

Aka yi wa Inna aiki da kuɗin Oga Muda, ido ya buɗe. Ta dafa kan Sallau tana sa masa albarka, Haladu yana tsaye a bakin ƙofa. Ya yi hamdala da ta gani, wallahi ya yi, amma ko kallon inda yake ba ta yi ba.

Ba a jima ba, aka wayi gari shagon Oga Muda da kwaɗo. Wayarsa a kashe. Ashe mutane suna ƙarewa. Sallau ya ji ƙishin-ƙishin, ya tsallake katanga, ya bar gari. Jama'a suka yo gayya zuwa gidan su Sallau, wa za su tarar? Haladu. Ya fito zaure, bai gudu ba.

Suka ce, "Da sunanka aka cuce mu!"

Ya ce, "Ai na faɗa muku a ƙofar masallaci."

Wani ya ce, "Sau nawa ka faɗa? Da kana tsoron Allah da ka bi mu gida-gida!"

Dije tana gaba, tana kururuwa tana kiran injinta. Wani ya ɗaga sanda. Suka doke shi har ya faɗi, suka fasa masa baki, wasu suka wuce kasuwa suka cinna wa rumfarsa wuta. Inna kuwa tana tsaye a ƙofar zaure. Da idon nan da aka buɗe ta ga ɗanta kwance cikin jini, ta ga fuskokin maƙwabtan da aka talauta. Da mutane suka watse ta durƙusa kansa tana kuka, ta ce, "Haladu, Haladu, ka yafe mini." Shi kuwa ya share jinin bakinsa ya ce, "Inna, ki shiga ciki. Likita ya ce kada rana ta daki idon."

Abin da ya ce ke nan. Bai ce na faɗa miki ba.

Me ya rage masa? Basilla da zare da wayar nan. Sai wata maƙwabciyarsu, Hajiya Kulu, mai daka yaji da daddawa, ta aika a kira shi. Ashe ita ta daɗe tana sayar da kayanta ta waya, ba allo, ba mota, ba wanda ya sani. Ta ce, "Malam Haladu, abin da ka je nema ai ba ya buƙatar rijista. Ka ɗinka abinka, ka fito da shi hasken rana ka ɗauki hoto gaba da baya. Ka rubuta kuɗinsa a fili. Ka sa a inda mutane ke gani, gobe ma ka sa, kada ka gaji. In an kira ka, ka amsa. In an biya, ka duba asusunka da idonka kafin ka kai kaya tasha. Sauran kuma haƙuri ne." Ko sisi ba ta karɓa ba.

Ya koya da ƙyar. Yatsunsa sun yi kanta, ya danna nan waya ta tafi can. Hotunansa na farko duk dishi-dishi. Ya daɗe ba wanda ya ce masa nawa. Da aka fara saye, in fata tana da tabo sai ya ɗauki hoton tabon ya tura, wani ya fasa, wani ya ce a kawo. Har wani marar imani ya taɓa tura masa saƙon banki na ƙarya ya cinye masa jaka. A hankali dai ya samu 'yan masu saye a garuruwan da bai taɓa takawa ba, in sun saya sukan dawo.

Na ga wasunku sun gyara zama, suna jira in ce ya yi kuɗi, ya gina bene. Bai yi ba. Abin da ya samu ya ci da iyalinsa, ya riƙe Inna har ta koma ga Allah, ya riƙa aika wa marayun Dije ɗan hatsi ba tare da ya ce daga shi ne ba. Da hannu ya ci gaba da ɗinki har ya mutu. Cikin waɗanda suka doke shi, babu wanda ya zo ya ce ka gafarce ni. Kuma tun yana raye wani yaro ya sake zuwa garin da wata motar, da wani sabon tsari, mutanen nan dai suka sake bin layi.

To, ni da ku nake. Neman halal ta waya ba laifi ba ne, ku koya, ku koya wa matanku da 'ya'yanku. Amma ku koya wurin wanda kuka ga kayansa, kuka ga guminsa. Kasuwa ko a rumfa take ko a intanet, sai da abin sayarwa, sai da mai saye, sai da gaskiya a tsakani. Duk wanda ya ce maka ribarka ita ce ka jawo ɗan'uwanka, to ɗan'uwan naka yake so ka yanka masa.

Kuma ku sani, shaidar zur ba sai a gaban alƙali ba. Kai da ka ga saƙon da ba ka san tushensa ba ka tura wa dangi, ka ce ku gwada, ka yi shaida. Kai da ka sa hoton kayan da ba shi za ka aika ba, ka yi shaida. Yatsan nan da ka danna da shi zai yi magana ranar da bakinka zai rufe. Mai gaskiya yana iya shan duka a duniya, yana iya mutuwa ba a gode masa ba, amma ba zai tashi da haƙƙin marayu a wuyansa ba. Kowa ya duba abin da ya tura a makon nan, ya tambayi kansa ko zai so a karanta masa shi a gaban Ubangiji. Allah ya ciyar da mu halal, ya tsare mu da cin amanar wanda ya yarda da mu.