Kazar da Uwar Gaosheng Ta Ɗauko

Akwai wata marubuciya 'yar ƙabilar Hmong a birnin St. Paul, sunanta Gaosheng Moua. Littafinta na farko a kan girkin mahaifiyarta ne, da irin rayuwar da matan gidansu suka yi.

A ciki ta saka wani sirri. Can a sansanin gudun hijira a Thailand, ƙanwar uwarta ta haihu. Mai jego a wurinsu kwana talatin take yi tana cin dafaffiyar kaza da ganyen magani, su kuwa ko gashin kaza ba su da shi. Sai uwar Gaosheng ta faɗa akurkin maƙwabta ta ɗauko guda.

Gaosheng ba ta nemi izini ba. Wai tsohuwar da ba ta iya karatu ba, a ina za ta gani? Kun ji ƙarfin hali!

Ashe matar yayanta ta karance wa tsohuwar shi kaf, tana fassara mata. Sai ga waya: "Inna ta ce ki zo yau."

Gaosheng ta kama hanyar gidan uwarta. A ce uwarka ɓarauniya ce, a rubuce, dangi na karantawa? Ta ɗauka ita da uwarta sun rabu ke nan.

Ta tarar da ita tana dakan barkono, ko kallo ba ta samu ba.

"Inna, ki yafe mini, na tona miki asiri."

"Wane asiri? Ni ƙaryar ce ta ƙona mini rai. Wai ba wanda ya gan ni! Matar maƙwabcin namu, Yer Xiong, ita ta buɗe akurkin da hannunta ta juya baya. Mijinta ya jibge ta a kan kazar nan, ba ta taɓa kama sunana ba. Shafi ɗari biyu, babu Yer ko sau ɗaya!"

Gaosheng ta zube a kujera tana ajiyar zuciya, dariya da kuka suka haɗe mata.

"Inna, fushin ke nan duka?"

"Ya yi miki kaɗan? Yer tana nan da ranta a garin Fresno. Ci abinci, ki kira ta ki ba ta haƙuri."

Da aka sake buga littafin, sunan Yer ne a shafin farko.

Darasi: Kafin ka ba da labarin wani, zauna ka tambaye shi, don abin da ka sani rabi ne. Kada kuma a manta da mai alherin ɓoye. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.