Yarinyar da ke tsaye a bakin taga

Akwai wani matashi a birnin Nagoya mai suna Nagase Ryohei. Yana da ɗan shago a kasuwar Osu, inda yake sayar da tsofaffin wasannin bidiyo, yana kuma gyaran na'urorinsu.

Abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne wani jerin wasa mai suna Hasumiyar Gishiri. Ya san shi ciki da bai. Ya san cewa masuncin da ke kashi na uku shi ne sarkin da aka kora a kashi na farko. Ya san wace kyanwa ce ta tsallaka ta shiga wasan wani kamfani daban. Irin waɗannan yake ɗorawa a intanet, mabiya suna zuga shi, kansa yana ƙara kumbura. Duk wanda ya yi kuskure a gabansa sai ya gwammace bai buɗe baki ba.

Wata rana da azahar, ana yayyafi, wani dattijo ya shigo rungume da na'urar wasa a cikin ƙunshin zane. Ya rusuna, ya ce sunansa Kuwabara, gidansa na bayan gidan wanka na unguwar.

"Yaro, don Allah ka duba mini ita. Ta daina kamawa."

Ryohei ya buɗe. A ciki akwai Mahaɗa, wasan nan da aka tara jaruman wasanni daban-daban a gari ɗaya, da wani tsohon katin ajiya, wanda ke riƙe abin da mutum ya buga a baya.

"Baba, kai ma kana bugawa?"

"Ban iya ba. Katin 'yata ne, Chizuru. Ta rasu. Ta buga kashi na biyu na Hasumiyar Gishiri, ta sa wa jarumar sunanta. Idan na sa katin, sai in same ta a masaukin baƙi na cikin Mahaɗa, a bakin taga. Kullum da safe muna gaisawa."

"Fitowa kam tana fitowa," in ji Ryohei. "Amma ba ta magana. Kamfanin bai rubuta mata ko kalma ɗaya ba."

"Ni dai tana yi mini."

Abokan Ryohei biyu da ke zaune suna cin taliya suka dubi juna. Ryohei ya zaro waya ya saita ta a fuskar dattijon.

"Maimaita, Baba. Me take cewa?"

"Takan tambaye ni ko na sha magani."

Shagon ya kaure da dariya. Ɗaya daga cikin abokan ya ce, "Lallai da alama ba ka sha ba!"

Dattijon ya sake rusunawa, ya bar na'urar a kan tebur, ya fita har ya manta laimarsa.

Bidiyon ya bazu fiye da duk wanda Ryohei ya taɓa ɗorawa. Na'urar kuwa ya tura ta ƙarƙashin tebur, ya manta da ita. Dattijon bai dawo ba.

Bayan 'yan makonni masu kallo suka fara raguwa, sai Ryohei ya tuna. Ya gyara ta, gyaran da bai ɗauke shi lokacin shan shayi ba. Ya kafa kyamara da rana tsaka, ya sa katin, ya shiga masaukin.

Ga yarinyar nan a bakin taga, ta ba da baya. Ya danna, shiru. Ya sake dannawa, shiru.

"Kun gani ko?" ya ce wa kyamara. "Tsohon nan ya..."

Kiɗan wasan ya ɗauke.

Yarinyar ta juyo a hankali. Ryohei ya san ba a taɓa zana mata wannan juyin ba. Rubutu ya fara fitowa a ƙasan allo, harafi bayan harafi.

"Kai ba babana ba ne."

Hannunsa ya saki abin bugawar. Rubutun ya goge, wani ya fito.

"Kullum yana zuwa. Me ka yi masa?"

Ya fizge wayar wuta daga bango. Da ya duba abin da kyamara ta ɗauka, bai ga komai a allon ba sai yarinya tsaye, ta ba da baya, babu rubutu ko ɗaya.

A ranar ya goge bidiyon dattijon. Ya ɗauki na'urar ya nufi bayan gidan wanka. Wata maƙwabciya mai shara a ƙofa ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne mai shagon? Ai na gane ka."

"Na kawo masa kayansa, Inna. Na zo in ba shi haƙuri."

"Ka makara. Tun da abin nan ya bazu ya daina fita, har kanti ba ya zuwa, don ana nuna shi da baki. Ya yi ta cewa kunya yake ji ya koma wajenka. Makon jiya aka yi jana'izarsa."

Ryohei ya miƙa mata kayan. Ta karɓi na'urar, ta ce za ta ajiye ta kusa da hoton marigayin, ta rufe ƙofa.

Tun daga ranar, duk kashin Hasumiyar Gishiri da ya kunna, mutanen ciki baya suke juya masa. Sarki, mai kanti, masunci, har kyanwar. Ya canja na'ura, ya canja talabijin, duk ɗaya. Ya kira abokinsa ya nuna masa allon da yatsa.

Abokin ya leƙa ya ce, "Wai me kake nufi? Ai ga su nan duk kai suke kallo."

Kafin shekara ta fita Ryohei ya rufe shagon.

Darasi: Sanin abu bai ba ka izinin wulaƙanta mutum ba. Wani abin da kake yi wa dariya shi kaɗai ne ya rage wa mai shi a duniya, kuma ba kullum ake samun damar ba da haƙuri ba. Idan labarin ya taɓa ka, ka tura wa wanda yake saurin ɗaga waya a fuskar mutane.